Madubin Motata Ya Koma Talabijin: Kyamarar Ce Ko Idona?

“Assalamu alaikum Injiniya. Yau kwana goma da aka kawo mini Chevrolet Corvette ƙirar 2021 daga Amurka. Madubin tsakiyarta ba irin wanda muka saba ba ne, kyamara ce take nuno abin da ke baya. Duk sanda na ɗaga ido sai na ga dishi-dishi kafin hoton ya washe, in na daɗe ina tuƙi har kaina yake sarawa. Kuma na kasa gane nisan abin da ke bayana, shekaranjiya a Titin Zoo saura ƙiris na shiga gaban ɗan adaidaita. Ɗana kuwa ya ce shi garau yake gani. Shekarata 48, ina sa tabarau irin mai haɗe da na nesa da na karatu. Kyamarar ce ta lalace, ko rashin sabo ne? Ko dai na cire na sa madubi irin na da?” Daga wani mai karatu a Nassarawa, Kano.

Wa alaikumus salam Alhaji, Allah Ya sanya alheri, Ya sa a kashe lafiya. Matsala biyu ka kawo, ka ɗaure su da igiya ɗaya: dishi-dishin da kake gani, da kuma kasa ƙiyasta nisa. Tushensu daban, maganinsu ma daban. Amma tun kafin mu yi nisa, kada ka cire komai. Maganar ɗanka ta riga ta wanke kyamarar, domin kyamarar da ta lalace ba ta zaɓar shekarun mai kallo.

Bari na ba ka labarin yadda na koyi wannan, don ni ma ba a takarda na fara saninsa ba. Shekarun baya wani dattijo ya kawo mini RAV4 garejina da ƙorafi irin naka sak. Na kwance madubin, na bi waya tun daga rufi har ƙofar but, na auna wuta, na jona kwamfuta, ba ta nuna komai ba. Ni kaina da na zauna a kujerar direba na ga hoton bai fita sosai ba, sai na ƙara gaskata shi. Kwana biyu muna abu ɗaya, har na fara cigiyar wani madubin a Ƙofar Ruwa. Sai wani yarona da bai kai shekara ashirin ba ya shiga zai matsar da motar, ya leƙo ya ce, “Oga, wai me ake nema ne? Ni fa har lambar motar can nake karantawa.” A makon na je aka auna idona, na dawo da tabarau. Dattijon kuma ban karɓi kuɗin aikinsa ba, kunya ba ta bari ba.

Me ya kawo kyamara cikin madubi?

Har zuwa ƙirar 2019, injin Corvette a gaba yake. Daga ƙirar 2020, wadda ake kira C8, sai kamfanin ya mayar da shi bayan kujeru, tsakanin direba da tayoyin baya. Wannan ya gyara wa motar zama a kan titi, amma ya cinye ganin baya. Abin da madubin gargajiya yake nuna maka a wannan motar shi ne ɗan gilashin da ya raba ka da injin, sai wani gilashin a kwance a saman injin, sai ’yar tsaga ta titi. Da rana kuma hasken cikin motar ya faɗa kan gilasan ya ƙara rufe ɗan abin da ya rage. Shi ya sa aka dasa kyamara a can sama bayan rufin, ta tsallake duk waɗannan.

Ba a Corvette aka fara ba. Nissan ta nuna irinsa a 2014, Cadillac CT6 ta 2016 ta fito da wanda kamfanin Gentex na jihar Michigan ya ƙera, daga baya ya bazu zuwa RAV4 da Range Rover Evoque a 2019. Wasu ma sun wuce nan: Ferrari 812 Competizione da Polestar 4 ba su da gilashin baya kwata-kwata, kyamarar ce kaɗai. Kai ka yi sa'a, naka fuska biyu gare shi. Akwai ɗan harshe a ƙasan madubin, in ka tura shi allon zai mutu, ya koma madubi na sosai. To ka ga babu abin cirewa, madubin da kake nema yana nan a ciki.

Dishi-dishin

A nan zan daɗe, don nan ne gizo yake saƙa. Madubi na gaskiya ba shi da hoton kansa. Haske ne yake tasowa daga motar da ke bayanka, ya bugi gilashi, ya karyo zuwa idonka. In motar tana mita talatin a baya, to idonka a mita talatin yake kallonta, ko da yake madubin yana dab da goshinka. Shi ya sa tun ranar da ka fara tuƙi ba ka taɓa jin wahala ba: titin gabanka nesa ne, abin cikin madubi nesa ne, ido bai sauya komai ba, juyawa kawai ya yi.

Shi wannan kuwa suna kawai ya ara. Ƙaramin talabijin ne aka rataye a gurbin madubi, hoton a jikin allon yake, tazarar da ba ta wuce santimita 50 zuwa 70 daga fuskarka ba. Duk ɗaga idon da za ka yi, sai idon ya baro nesa ya dawo kusa kamar za ka karanta saƙo a waya, sannan ya sake komawa titi. A cikin ido akwai wani ɗan ƙwaya garai-garai da jijiyoyi suke matsawa ya kumbura idan za a kalli abu na kusa. Na yaro laushi gare shi, kafin ƙiftawa ya yi ya gama. Daga wajen shekara arba'in sai ya fara tauri, shi ne ka ga mutum yana miƙa hannu nesa in zai duba lambar waya ko zai yi tilawa. Ba ciwo ba ne, girma ne, kowa da ya yi tsawon rai sai ya iske shi. Ɗan jinkirin da kake gani kafin hoton ya washe, lokacin da idonka yake ɗauka ne kafin ya dawo kusa. Sarawar kai kuma gajiyar jijiyoyin ce, don a tafiyar rabin awa cikin gari sai ka sa su wannan kai-kawon sau ɗari ba ka sani ba.

Sai tabaraunka ya zo ya ƙara wa Borno dawaki. Irin wanda ka kwatanta hawa-hawa aka yi shi: samansa na nesa, tsakiyarsa na tazarar hannu, ƙasansa na karatu. An tsara shi a kan cewa abin kusa a ƙasa yake, kamar littafi ko kwanon abinci, na nesa kuma a sama. Wannan allon ya saɓa wa tsarin, ga shi kusa, ga shi a sama. Ke nan kana kallon abin kusa ta ɓangaren da aka yi don nesa.

Gwada wannan yau da motar a tsaye. Zauna yadda ka saba, ka kalli allon ta saman tabarau. Sannan ka ɗaga haɓarka a hankali har allon ya faɗo tsakiyar gilashin tabaraun. In hoton ya fito tar, ka gama bincike, ba sai ka kawo mini motar ba. Abin da ya rage dabara ce. Wasu ɗaga haɓar ne yake zame musu jiki, kamar mai amsa gaisuwa daga nesa. Wasu matsar da kujera baya kaɗan yake taimakonsu, don ko santimita goma aka ƙara ido yana samun sauƙi, in dai ƙafa tana taka birki har ƙasa ba tare da miƙewa ba. Kada ka sayar da zamanka a kan sitiyari saboda madubi.

Abu ɗaya zan hana ka da babbar murya: kada ka yi tuƙi da tabaraun karatu irin na kan tebur, masu lamba +1.50 ko +2.00. Allon zai fito fes, titin gabanka ya dushe. An gudu ba a tsira ba ke nan.

Iyakata a nan take, ni mai waya ne da kwamfutar mota, awon ido na masu shi ne. Ka je asibitin ido, ko na Malam Aminu Kano ko na ECWA da ke Sabon Gari ko duk inda ka saba. Kafin ka tafi, ka sa a auna maka da tef daga idonka zuwa allon kana zaune a kujerar, ka kai musu adadin, ka gaya musu abin a sama yake ba a ƙasa ba. Akwai tabarau da ake yi wa masu aikin sama da kai, irin matuƙa jirgi da mu da muke wuni a ƙarƙashin mota, mai ɗan yankin kallon kusa a samansa. Ko ya dace da kai ko bai dace ba, su za su faɗa.

Nisa

Ana cewa ido ba mudu ba amma ya san ƙima. To da me yake sanin ƙimar? A madubin gaske idanunka biyu kowanne da kusurwar da yake hango motar baya, ƙwaƙwalwa ta haɗa ta fitar da zurfi. In ka ɗan karkata kai, hoton ma ya motsa, ka leƙo abin da ya ɓuya. Kuma kana ganin gefen gilashin bayanka da kan kujeru, su ne ma'aunin da kake gwada komai da shi ba tare da ka lura ba. Kyamara ta kwashe ukun nan gaba ɗaya. Ido ɗaya gare ta, hotonta shimfiɗaɗɗe ne, ko ka leƙa ta ina abin da ta nuna shi ta nuna. Ƙari a kan haka tana ɗebo fili mai faɗi ta cusa a ɗan allo, sai komai ya ƙanƙance. Abin da ya ƙanƙance kuwa ƙwaƙwalwa nesa take ɗaukarsa. Ina kyautata zaton abin da ya faru da kai a Titin Zoo ke nan: ka ga adaidaitar ƙarama, ka ba ta nisan da ba ta da shi.

Wannan kam sabo ne maganinsa, amma sabon da aka koya da gangan, ba wanda aka bari cunkoso ya koyar ba. Da farko ka daidaita allon sau ɗaya ka ƙyale shi. Akwai maɓallai a jikin madubin na haske, na jawo hoto kusa, da na ɗaga shi sama ko ƙasa. Ni nakan jawo hoton har girman mota a allon ya kusa girmanta a madubin gaske, ko da an rasa ɗan faɗi, sannan na sa inda titi ya haɗu da sama ya zauna kaɗan a saman tsakiyar allon. Masu taɓa maɓallan nan kullum su ne ba sa sabawa, don duk taɓawa sabon mudu ne.

Sannan ka samu fili, ko harabar gida in tana da tsawo. Ka sa ɗanka ya tsayar da wata motar taku biyar a bayanka, ka dube ta a allon, ka tura harshen ka dube ta a madubi, ka dawo. A mayar da ita taku goma, a sake, sannan taku ashirin. Abin da za ka riƙe shi ne yawan allon da motar ta cinye a kowane zango, da kuma inda tayoyinta suke taɓa ƙasa. Tayoyin sun fi gaskiya: duk sanda suka gangaro ƙasan allon, motar ta matso. Bayan nan ka fita da safiyar Lahadi kafin gari ya tashi, ka bi titi mai faɗi irin Ahmadu Bello Way, ɗanka yana binka a baya, yana matsowa yana ja. Cikin waɗanda na yi wa wannan, masu ƙananan shekaru kwana biyu uku suke mantawa da batun, manya kuma sukan kai mako biyu.

Ka kuma sauya irin kallon. Madubin nan ba na ƙura ido ba ne. A gudun kilomita 80 a awa, duk daƙiƙa ɗaya motarka tana cin mita 22, in ka tsaya jiran hoto ya washe ka yi tafiyar nan ido rufe. Tambaya ɗaya za ka yi masa a kowane kallo: akwai abu ko babu, yana girma ko yana raguwa? Wannan ko da dishi-dishi ana ganewa, ba sai ka karanta lambar mota ba. Hukuncin sauya hannu kuwa na madubin gefe ne da waiwaye. Madubin gefenka gilashi ne na gaske, idonka ba ya wahala da shi. Ka buɗe su waje har sai gefen motarka ya kusa ɓacewa daga ciki, domin ƙugun Corvette faɗi gare shi, kuma daidai nan ɗan adaidaita yake son maƙalewa. Motar ga ta a ƙasa, kai kana zaune kusan daidai da tayarsa. In taka tana da ɗan fitilar gargaɗi a madubin gefe, ka ɗauke ta mataimakiya, kada ta hana ka juya wuya.

Kada kuma ka yi ribas da shi. Kyamarar ribas daban take, tana can ƙasa a bayan motar, hotonta a allon gaba yake fitowa. Ta madubin kuwa nesa take hange, ba ta ganin dakali ko turmi ko yaron da ya tsuguna dab da bamba.

Abin da Kano za ta yi wa kyamarar

Waɗanda suka ƙera ta ba su san hunturunmu ba. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙura takan kwanta a idon kyamarar cikin wuni ɗaya, hoton ya yi fari kamar an shafa masa toka. Bambancin wannan da na ido mai sauƙi ne: dishi-dishin ƙura ba ya washewa ko ka ɗaga haɓa, kuma ɗanka ma zai gan shi. Ka ajiye ƙyalle mai laushi a motar, ka jiƙa shi kafin ka goge. Gogewa a bushe ita take kashe kyamarori a garin nan, ƙurar tamkar yashi ce, tana kankare gilashin a hankali har ya dushe dindindin. Ka gaya wa masu wankin mota kada su saita mata bakin injin feshi, kada kuma su dirje ta da garin sabulu.

Rana ma tana da nata. In ka taso daga sabuwar BUK ka nufo Kabuga da la'asar sakaliya, rana tana bayanka, kai tsaye take dukan kyamarar, hoton yakan wanke na ɗan lokaci. Wani zubin kuma za ka ga hoto biyu sun hau juna, na kyamara da inuwar cikin motar, saboda fuskar allon har yanzu gilashin madubi ce. In haka ta faru ka ɗan karkata shi sama ya kalli rufin. Yadda ya kamata a saita shi tun farko: a kashe allon, a daidaita madubin ya nuna baya sosai, sannan a kunna. Ta haka duk ranar da kyamarar ta ba ka kunya, tura harshe ɗaya ya ishe ka.

Da dare kuwa ni a ganina ya fi madubin gargajiya, don masu bin mutum da babbar fitila ba sa kashe maka ido, kyamarar tana danne hasken. Sai dai ka rage hasken allon in ya yi maka yawa. Za ka kuma ga fitilun wasu sababbin motoci suna ƙyaftawa a allon kamar ana ba ka hannu. Ba hannu ake ba ka ba. Fitilun LED suna kunnuwa suna mutuwa da saurin da ido ba ya kamawa, kyamara ce take kamawa. Baƙin tabarau mai tace ƙyalli shi ma yakan dusashe allon, musamman in ka karkata kai, ka gwada naka kafin ka hau titi da shi.

Yaushe ne laifin na motar? In allon ya koma shuɗi ya mutu, in hoton yana yankewa sanda ka faɗa rami, in yana tsayawa cak ko yana makara, ko ka ga raɓa a cikin idon kyamarar. Ban ga motarka ba, kuma Corvette ba kullum take shigowa garejina ba, na fi ganin tsarin nan a Toyota da Range Rover. Amma da yawa daga motocin da ake kawowa daga Amurka na gwanjo ne da suka taɓa buguwa aka gyara, kuma wajen gyaran bodi ake barin soket a sake ko a danne waya. In ka ga ɗaya daga cikin alamun nan, ka koma madubi nan take, ka kai wa mai kwamfutar da take karanta motocin GM, wato General Motors, kamfanin da yake ƙera Chevrolet. Kada ka bari a yanka waya ana lalube.

Saura maganar da masu sayar da mota ba sa faɗa. Akwai waɗanda ba sa sabawa har abada, yawanci waɗanda suka ba hamsin baya, wasu ma jiri yake sa su. Ba gazawa ba ce. Ina da kwastoma da yake kunna allon a cikin gari inda faɗin gani ya fi amfani, in ya hau hanyar Zariya ya kashe ya dogara da madubin gefe. Ni kaina in an kawo mini irin motocin nan gwaji, da allon nake tafiya, amma sai na ɗaga haɓa, yarana har kwaikwayona suke yi. A Corvette dai ina ba ka shawarar ka daure ka ba shi mako biyu cur yana kunne, ba yau a kunne gobe a kashe ba, saboda abin da madubin gaske yake nunawa a motar nan bai taka kara ya karya ba. In mako biyun suka cika, ka ga likitan ido, kai bai daina sarawa ba, ka tura harshen ka huta, ka buɗe madubin gefe da kyau. Kafin nan kuma ka bar Kantin Kwari da Bata da yamma, ka shiga can da ɗaya motar.